Shida Cikin Goma

Ranar Laraba, uku ga watan Maris na shekarar 1954, mahaifin Falmata ya zo zaurena da ƙafarsa. Tun daga ranar ban ƙara ganin girman kaina ba.

Sunana Idrisu. A lokacin shekarata talatin da ɗaya, ba mata, ba gona, sai akwatin littattafai da tsohuwar uwa. Kakana ya zo Potiskum daga Kano da jakunan goro. A nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, a nan aka binne su duka biyun. Duk da haka, in an tashi kwatance, sai a ce, "Malamin nan Bakano."

Na yi makarantar Midil a Maiduguri, na koyar a wata makaranta shekara shida, sannan muka ɓata da wani babban mutum a kan ɗansa da na kayar a lissafi. Aka ce in gyara makin. Na ce yaron ne ke bukatar gyara. Washegari na kwashe littattafaina.

Sai na buɗe karatu a zauren gidanmu, bayan kasuwa. Masu neman shiga Midil su zo da safe. 'Yan kwalejin Zariya su zo in an yi hutu, su kawo min lissafin aljabara da ya gagare su. Takarda tana da wuya a lokacin, don haka a faifan yashi nake koyarwa, a rubuta da yatsa, a shafe da tafin hannu.

Gari ya san ni da abu biyu. Ba na yabon ɗalibi, kuma ba na mayar wa kowa takardar jarrabawarsa. In na ce ka ci, ka ci. In na ce ka faɗi, je ka yi kukanka a gida. Tun da na bar aiki a kan maki, ba wanda ya sake tuhumar bakina.

Ina alfahari da wannan ƙwarai. Ba ni da wani abin alfaharin.

Falmata kuwa 'yar Baba Modu ce na unguwar Yerimaram, manomin gero da gyaɗa, wanda zuriyarsu ta riga kasuwar garin zama. Ta yi elemantare shekara huɗu kafin aure. Mijinta direban lori ne, ya rasu a hanyar Damagum. Ta gama takaba ta dawo gidan ubanta tana da shekara ashirin da uku.

Da kaka sai ga wata Baturiya ta zo tana neman matan da suka taɓa shiga aji, a kai su Maiduguri shekara biyu su koyi aikin malanta. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Falmata ta miƙe ta ce tana so.

Baba Modu ya yi dariya a gaban jama'a. Ya ce, "In ta ci jarrabawarku, wallahi na bar ta ta tafi." A ganinsa shekara bakwai na daka da surfe sun isa su kankare duk abin da aka zuba mata a kai.

Baturiyar ta bar min ambulan mai tambaya goma. Ta ce in shirya matan, in jarraba su, duk wadda ta ci bakwai in aika mata da sunanta. Takardun ma ba ta nema ba. An gaya mata labarina.

Wata biyar Falmata tana zuwa, Litinin da Alhamis bayan la'asar. Goggonta Yakaka ke rako ta, ta zauna a bakin ƙofa da mazarinta tana kaɗi, ido ɗaya a kan zare, ɗaya a kaina.

Yakaka tana da dalilin sa ido. Ɗanta Muhammadu Lawan shi ma ɗalibina ne. Ya gama kwaleji a Zariya, yana shirin jarrabawar shiga jami'ar Ibadan. Yana da keke da agogon hannu, yana kuma duba agogon ko ba inda za shi. Dangi sun riga sun gama magana a tsakaninsu cewa bazawarar gida ta ɗan gida ce. Karatunsa bayan na Falmata yake, amma kullum sai ya riga lokacinsa zuwa.

Wata rana na rubuta mata tambaya. Mace ɗaya tana dake buhun gero cikin awa shida, wata kuma cikin awa uku. In suka haɗu a kan buhu ɗaya, awa nawa zai ɗauke su?

Muhammadu Lawan yana jingine da bango. Ko kallon faifan bai yi ba, ya ce, "Huɗu da rabi. Tsakiyar shida da uku."

Yakaka ta ce, "Mata biyu a turmi ɗaya? Awa tara. Ku ba ku sa hira a ciki ba."

Falmata ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Awa biyu."

Na ce, "Nuna min."

Ina jira ta haɗa sudusi da sulusi, yadda na koya mata, yadda ni ma aka koya min da bulala. Ba ta taɓa yashin ba.

Ta ce, "A bar su su yi awa shida mana. Ta farko ta daka buhu ɗaya, ta biyu ta daka biyu. Buhu uku ke nan a awa shida. Kowane buhu awa biyu." Sai ta juya wajen ɗan goggonta. "Yaya, ta yaya za a taya mace aiki kuma ta fi daɗewa?"

Yakaka ta yi dariya har zarenta ya tsinke, sannan ta tuna ɗan wa aka kayar, ta ɗaure fuska.

Na shafe faifan na rubuta wata. Amma shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan tambayar, ban taɓa ganin ta ta wannan ƙofar ba.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja ba. Sau biyu na tura kawuna Ɗantala da goron neman aurenta. Na farko, ko ganyen ba a kwance ba aka dawo da shi. Na biyu, aka ba shi ruwa ya sha, aka tambaye shi ko hanyar Kano ta yi kyau bana.

An yi jarrabawar ranar Litinin. Ranar Asabar zan faɗi sakamako, in ba motar gidan waya wasiƙar.

Ranar Laraba kuwa, sai ga mutumin da ya mayar min da goro sau biyu yana cire takalmi a bakin zaurena.

* * *

Na shimfiɗa masa buzu. Ya zauna, ya daɗe yana kallon faifan yashin kamar wanda aka nuna wa macijin da ya sari ɗansa.

"Malam, ka duba takardar yarinyar?"

"Ban duba ba tukuna, Baba."

Ƙarya ta farko ke nan, kuma ta fito ba wahala. Tun ranar Litinin kafin magariba na duba. Goma cikin goma. Ko tawada ba ta ɗiga ba.

Ya ce, "Bakina ne ya ja min. Na rantse gaban mai unguwa, gaban Nasara. Ni ban taɓa karya rantsuwa ba."

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba." Hausarsa ta Barebari ce, in ransa ya ɓaci sai ta fara zubewa, ya tsaya ya tattaro ta. "Ɗana na fari ya hau mota, aka kai shi yaƙin Turawa. Hularsa ce ta dawo. Na biyu ya hau mota ya tafi neman arziki gabas, shekara shida ko sallahu. Mijin yarinyar nan a cikin mota aka ciro shi. Uwarsu ta bi su da baƙin ciki. Yanzu ita kaɗai ta rage mai kawo min ruwan alwala, ita ma an ce ta hau mota."

Da ya zo min da faɗa, da na san yadda zan yi da shi.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," in ji shi. "Na ce ka duba da kyau. Ai an ce kai ko yaro ya yi daidai sai ka samo masa laifi."

"In babu laifin fa?"

Ya dube ni ido cikin ido.

"In ran Asabar na ji ta faɗi, ran Lahadi ka turo kawunka. Goron ba zai dawo ba."

"Inna Yakaka fa, da dangi?"

"Yakaka ƙanwata ce. Ni na goya ta. Za ta yi ihu kwana uku ta gaji." Ya jawo sandarsa. "In kuwa na ji ta ci, ta tafi, ba zan hana ta ba. Amma muddin ina numfashi, ba zan ɗaura maka aure da ita ba. In na ji mutuwa ta zo, zan bar wasiyya."

Na raka shi har bakin hanya. Da na dawo, na tarar da mahaifiyata, Delu, tsaye a ƙofar cikin gida. Bangon zaurenmu bai taɓa ɓoye mata komai ba.

Ta ce, "To, me kake jira?"

"Inna, kin ji abin da yake nema kuwa?"

"Na ji. Lamba yake nema, Idrisu. Lamba! Ba rai ya ce ka cire ba."

"A kan lamba na bar aiki."

"Na sani sarai, ai ni na ci tuwo ba man shanu shekara biyar a kan haka." Ta share ido da gefen zane. "Ubanka a shekarunka 'ya'yansa huɗu. Ni kullum in na tashi, littattafai nake gaisarwa. Yarinyar nan tana sonka, kana sonta, ubanta ya buɗe ƙofa da kansa. Me za ta tsinto a Maiduguri da babu a ɗakinta?"

"Inna, ta ci. Duka ta ci."

Ta ce, "Wa ya sani ban da kai?"

* * *

Ranar Alhamis Muhammadu Lawan ya zo karatunsa. Na ba shi aljabara uku, ya ɓata biyu. Bai ko damu ba. Ya ture faifan gefe.

"Malam, an ce jiya Kawu ya zo nan."

"Wanda ya gaya maka ya iya gani. Dawo kan ta biyun, ka manta ka juya alama."

"Me ya kawo shi?"

"Gaisuwa."

Ya yi murmushi. "Kawu bai taɓa gai da Bakano ba sai in goro zai saya." Ya gyara zama. "Bari in faɗa maka gaskiya, tunda kai malamina ne. Ni ba zan hana ta tafiya ba. Zan yi shekara uku a Ibadan, ta yi biyu a Maiduguri. In mun dawo, ta buɗe ajinta, in shiga ofishina. Kai me za ka ba ta? Faifan yashi?"

"Ka fara shiga Ibadan ɗin tukuna. Da wannan aljabarar, ko tashar Jos ba za ka wuce ba."

Ya haɗiye wannan. Yaron yana da girman kai, amma ba wawa ba ne, kuma abin da ban taɓa yafe masa ba ke nan.

Ya ce, "Ta fi ni kai, Malam. Na sani tun ranar buhun gero. Kwana uku ban ci abinci ba, sannan na haƙura." Ya miƙe ya ɗauki littafinsa. "Ta fi ka ma. Ban sani ba ko kai ka haƙura."

Ya hau kekensa ya tafi. Ranar bai duba agogo ba ko sau ɗaya.

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Falmata ta zo da goggonta. Ba ranar karatu ba ce. Mahaifiyata ta fito ta ja Yakaka ciki da zancen wani zare da take so a duba mata. Karo na farko ke nan da aka bar mu mu biyu, ƙofa a buɗe, kasuwa tana wucewa.

Ta zauna nesa da ni. Idonta ya kumbura.

"Malam, ban zo tambayar sakamako ba. Na san ba za ka faɗa ba."

"To me ya kawo ki?"

"Tun shekaranjiya Baba ba ya cin abincina. Goggo kuma ta sa an fara ɗinka wa Yaya babbar riga. Kowa yana shirya ni, ba wanda ya tambaye ni."

"Ni ina tambayarki."

"Ina so in tafi." Hawaye ya zubo, ba ta share ba. "Kuma ina son ka. Laifi ne mutum ya so abu biyu?"

"Wani lokacin ɗaya yakan cinye ɗaya."

"Shekara biyu ce kawai, Malam. Damina biyu. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma a ɗaki ɗaya, ina ƙirga azarar rufi don kada in haukace. Ka san guda nawa ne? Ɗari da goma sha bakwai. Na ƙirga su bibbiyu, na ƙirga su uku-uku, na raba su gida tara. A ɗakin nan na gane kaina bai mutu tare da mijina ba. Da na fito, na ce ba zan sake barin sa ya kwanta ba."

"In kin tafi, Baba ba zai taɓa ba ni ke ba."

Ta ɗago da sauri. "Shi ya gaya maka?"

Nan ne ya kamata in faɗa mata komai. Kalma goma ta isa. Na ce, "Na san halinsa."

"Zai sauko. Ni na san Baba. In na dawo hutu ya ga mota ta dawo da ni da raina, zai sauko."

"In bai sauko ba fa? Muhammadu Lawan yana nan, da kekensa da danginsa."

"Haba, Malam!" Ta yi wata 'yar dariya cikin kukan. "Ni ba budurwa ba ce. Ba mai ɗaura min aure sai an ji daga bakina. Ko shekara goma za a yi, ba zan ce na yarda da Yaya ba. Mutumin da ya ce huɗu da rabi?"

Ban yi dariya ba. Ta lura.

"Ba ka yarda da ni ba ne?"

"Na yarda da ke."

"To me kake tsoro?"

Na karanta littattafai da yawa, na Larabci da na Turanci, kuma a cikinsu duka masoyi yakan ji tsoron abokin takara ne. Da ma nawa tsoron mai mutunci ne haka. Ni na hango ta ne ta dawo bayan shekara biyu da takardar shaida a hannu, ta zauna gaban malaman da suka fi ni, ta ga lissafin da ban taɓa gani ba. Ta shigo zauren nan ta dubi faifan yashi, ta dube ni, ta gane iyakata. Ba za ta faɗa ba, don tana da kirki. Amma za ta gane, cikin sauri kuma, yadda ta gane buhun gero.

Na ce, "Ba na tsoron komai."

Ta goge fuskarta, ta matso kaɗan.

"Abu ɗaya ke kwantar min da hankali. Duk garin nan kowa yana da abin da yake so da ni. Baba, Goggo, Yaya. Amma takardata tana hannun mutumin da ba ya duba fuskar kowa. In na faɗi gobe, na san na faɗi ne. Zan yi kuka in haƙura, in san iyakar kaina ke nan. In kuma na ci..." Ta kasa ƙarasawa. "Za ka jira ni, Malam? Ka ce za ka jira ni."

Aka ji takun Yakaka daga ciki.

Na ce, "Gobe ta yi tukuna."

* * *

Da hantsin Asabar na fito da takardarta na sake bi, layi-layi, da jan alƙalami a hannu. Na nemi sifilin da ya ɓace, na nemi alamar da aka juya. Ina fatan in sami ko da kuskure ɗaya in rataya sauran ukun a kansa. Babu. Tambaya ta takwas ma ta yi ta hanya biyu, ta rubuta a ƙasa da ƙaramin rubutu, "Wannan ta fi sauri."

Ban taɓa takardar ba. Ko ɗigon ja ban sa mata ba. Ina so a san wannan, ko da yake ban san amfanin sanin ba. A wasiƙar Baturiya ne kawai na rubuta suna ɗaya maimakon biyu.

An taru a ƙofar gidan mai unguwa. Mata huɗun da suka yi jarrabawar suna zaune gefe a tabarma. Baba Modu yana jingine da sandarsa, yana kallon ƙasa. Muhammadu Lawan yana tsaye riƙe da kekensa.

Na karanta makin biyun farko, uku da huɗu. Na ce, "Hanatu, bakwai. Ta ci." Danginta suka yi guɗa.

Na ce, "Falmata."

Ta ɗago kai.

"Shida."

Da na so, da na ce uku. Na zaɓi shida ne don in rage mata zafi. Haka na gaya wa kaina. Daga baya na gane ba abin da ya fi zafi kamar a ce saura ɗaya.

Ba ta yi kuka ba. Bakinta ya ɗan motsa, na san tambayoyin take bi ɗaya bayan ɗaya, tana neman huɗun.

"Ƙarya ne!"

Muhammadu Lawan ne. Ya saki keken ya faɗi.

"Ƙarya ne, wallahi! A fito da takardar! Hanatu bakwai, Falmata shida? Hanatun da Falmata ke koya wa sau bakwai a bakin rijiya?"

Mai unguwa ya ce, "Kai yaro, malaminka ne fa."

"Na san malamina ne, shi ya sa nake faɗa! Kawu, ranar Laraba me ka je yi zaurensa? Ka faɗa wa jama'a!"

Baba Modu bai ɗago ba. Yakaka ta kama rigar ɗanta, ya fizge. Mutane suka fara kallona. Takardar tana cikin aljihun rigata, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina. Da mai unguwa ya ce in miƙo, da na miƙa, da an gama da ni a garin nan kafin azahar. Wani ɓangare na zuciyata ma roƙo yake a ce in miƙo.

Mai unguwa ya buɗe baki zai yi magana. Sai Falmata ta miƙe.

"Yaya, ya isa."

"Falmata, cutar ki aka yi!"

"Na ce ya isa." Kowa ya ji. "Mutumin nan ya bar aikin gwamnati don ya ƙi ƙara wa ɗan babban mutum maki. Ni ce zai rage wa? Ni da ya turo wa goro sau biyu? Ka ji kunya mana. Malam bai taɓa yin ƙarya a kan lissafi ba. In ya ce shida, shida ne."

Ta juyo ta durƙusa a gabana, a gaban jama'a.

"Malam, ka yafe min. Na ɓata maka wata biyar."

Muhammadu Lawan ya dube ni. Ya ɗaga kekensa ya tura shi da ƙafa har ya ɓace, kuma bai sake taka zaurena ba.

Ranar Lahadi kawuna Ɗantala ya kai goro Yerimaram. Bai dawo da shi ba.

* * *

Shekara biyar muka yi da aure. In ana neman macen da ta fi ta kirki, ni ban gan ta ba. Kullum da asuba takan aika wa ubanta abinci, ya kuwa mutu a hannunta yadda ya so, yana sa min albarka. Na karɓi albarkar, na ce amin.

Ba ta sake taɓa faifan yashi ba. Wani lokaci ina koyarwa, in hango ta ta tsaya bayan ƙofa da ƙwarya a hannu, bakinta yana motsi. Sau ɗaya na ce ta shigo ta nuna wa wani ɗan kwaleji inda ya ɓata.

Ta ce, "Rufa min asiri, Malam. Mai shida? Kada in lalata maka yaro." Ta faɗa tana dariya.

Hanatu ta dawo malama, ta buɗe ajin mata a garin nan. Falmata ce ta dafa abincin tarbarta.

Na sha niyyar faɗa mata. Na ce bari Baba ya rasu. Ya rasu, na ce bari a yi arba'in. Na ce bari ta haihu, ba ta haihu ba. Matsoraci ba ya rasa ranar da ta fi yau dacewa.

A bazarar 1959 sanƙarau ya shigo gari. Ranar Litinin ta ce wuyanta yana ciwo. Ranar Talata da safe zazzaɓi ya rufe ta, ta ce in je in sallami ɗalibai kada su yi ta jira a rana. A hanyar zaure na yanke shawara, in na dawo zan durƙusa in faɗa mata, ta tsine min in ta ga dama. Amma na tarar da wani yana kokawa da rabawa mai tsawo, na ce bari in ƙarasa masa wannan ɗaya. Ina kan layi na uku mahaifiyata ta yi salati daga cikin gida.

Da na shiga tana numfashi, idonta a buɗe, amma kunnenta ya riga ya tafi. Na kira sunanta, na girgiza ta, na sa bakina a kunnenta. Mahaifiyata ta ce, "Ba ta jin ka, Idrisu. Yi mata kalmar shahada." Na yi mata. Kafin azahar aka rufe ta da zane.

Mutane sun yi ta zuwa gaisuwa suna cewa na yi rashin mace mai haƙuri, wadda ta san iyakarta. Na ce haka ne.

Falmata, goma kika ci. Duka goman. Ta takwas ɗin ma, hanyarki ta fi tawa sauri.